Ina Matafiyi Zai Ya da Zango a Hanyar Birnin Gwari?

 Yau shirinmu na faɗakarwa zai ɗauki hanyar yamma ne daga Kaduna, ya bi ta Buruku da Udawa da Kuriga, har ya dangana da Birnin Gwari da dajin da ya kewaye ta. Tafiya ce ta kimanin kilomita 120. Tambayar da ke tafe da shirin kuwa duk wanda ya taɓa wuni a mota ya san nauyinta: in matafiyi ya gaji a wannan hanya, ina zai tsaya, kuma wane irin wuri ya dace a gina masa?

A ɗauki misalin ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, lokacin da kwalta ke tururi. Tirela ɗauke da buhunan masara ta gangara gefen titi ta tsaya. Yaron mota ya diro, ya cusa dutse a ƙarƙashin taya, ya ce, "Oga, a kawo tabarma?" Direban ya shimfiɗa ta a ƙarƙashin motar, domin inuwar da ta rage a wurin ke nan. Bishiyar da ta taɓa tsayawa a nan an daɗe da sare ta, kututturenta ne mai shayi ke jera kofuna a kai. Can sai ga motar fasinja ta tsaya a baya. Maza suka ɗauki buta suka nufi bakin daji. Mata kuwa suka sauko, suka duba gabas suka duba yamma, babu ko zana ɗaya da za ta kare mutum. Wata dattijuwa ta kama hannun jikarta ta ce, "Ki daure, 'yar nan, mu ƙarasa gari." A cikin kwata ledojin ruwa ne fal, ga baƙin mai da wani makaniki ya tsiyaye ya bi ƙasa ya yi dabbare-dabbare.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai bin manyan hanyoyin Arewa. Wanda ya san Tafa a hanyar Abuja, ko Mararrabar Jos a hanyar Zariya, ya san yadda manyan motoci ke jeruwa a kafaɗar titi har su cinye rabinsa. Laifin ba na direba ba ne shi kaɗai. Jikin ɗan Adam yana da iyaka. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ce: direban babbar mota ba ya wuce awa huɗu da rabi a kan sitiyari sai ya huta minti 45. Amma kafin a ce wa mutum ya huta, ai sai an tanadar masa inda zai huta ɗin.

Abin da ya kamata a tuna shi ne, Bahaushe ba yau ya fara gina wa matafiyi masauki ba. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro watanni suke yi a hanya, da jakuna da takarkarai, madugu na jagorantar ayari, jagaba na gaba yana duba inda za a sauka. Kuma ba ko'ina ake ya da zango ba. Sai inda akwai ruwa, akwai inuwa, akwai abincin dabbobi, akwai kuma gari kusa wanda sarkinsa zai ɗauki amanar baƙi. Matan garin su fito da fura da tuwo, fatake su sauke gishiri da kanwa, kowa ya amfana. Sunan ya bi ayarin har inda ya je: Zangon Katab a kudancin Kaduna, Zangon Daura, unguwannin zango na Kumasi da Akara a ƙasar Gana. Ita kanta Birnin Gwari tana kan irin wannan turba. A 1826, bayan Baturen nan Hugh Clapperton ya taso daga bakin teku ya tsallake Kwara a wajen Busa, ta tsohuwar Birnin Gwari ya bi ya shiga Zariya, sannan Kano. Hanyar fatake ya bi, domin ita ce hanyar da ke akwai.

Sai dai shekarun baya-bayan nan sun yi wa wannan hanya mummunan tabo, kuma shirin ba zai tsallake wannan ba. An yi lokacin da direba ba ya shiga ta sai da rakiyar jami'an tsaro, wani kuma ya gwammace ya yi dogon zagaye. A watan Mayun 2018 'yan bindiga suka auka wa ƙauyen Gwaska, suka kashe mutum sama da 40 a wuni guda. A watan Maris na 2024 aka kwashe ɗaliban makarantar Kuriga aka yi daji da su. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ba iyalansu haƙuri. A watan Nuwamban 2024 ne Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari bayan sulhun da aka ƙulla, ya sake buɗe kasuwar kara wadda ta shafe kusan shekara goma a rufe. Daga nan motocin shanu da na hatsi suka fara dawowa.

To, a nan ne maganar yau ta samo tushe. Duk inda motoci suka dawo, masauki zai tsiro, ko an tsara shi ko ba a tsara ba. In an bar shi ya tsiro da kansa, an ga abin da ake samu. In kuma za a tsara, to a yi tun yanzu, tun ba a kafa rumfunan kwano a kan magudanar ruwa ba, tun ba a sare sauran itatuwan bakin titi ba.

Kuskuren farko da ake yi a irin wannan aiki yana faruwa ne tun kafin a aza tubali ko ɗaya. Ɗan kwangila ya iso da katafila, ya share fili tas kamar faranti, ya tara ɗorawa da kaɗanya da tsamiya a gefe a cinna musu wuta. Bayan an gama gini sai a kawo 'yan tsirrai a leda a dasa don ranar buɗewa, akuya ta cinye su kafin mako ya zagayo. Ɗorawar da aka tuge a cikin minti goma ta yi shekara hamsin tana girma. Babu rumfar da injiniya zai zana da za ta yi aikinta, domin ita bishiya ba tare rana kawai take yi ba, ganyenta na fitar da danshi yana sanyaya iskar da ke ƙarƙashinta. Ga kalwa da ake daddawa da ita, ga garin ɗorawa, ga ɓawon da magina ke yin makuba da shi. Saboda haka zanen kirki daga itatuwan yake farawa. A ƙirga su, a sa su a taswira, sannan a lanƙwasa hanyar shiga da wurin ajiye motoci su bi ta tsakaninsu.

Inda kuma aka riga aka sare, ba lallai sai an sayo dashe ba. Manoman Maraɗi sun nuna wa duniya wannan. Tun daga 1983, lokacin da wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ke gonaki ba matattu ba ne, saiwarsu na nan da rai, manoma suka shiga abin da suke kira sassaben zamani: a zaɓi tohon da ya fi ƙarfi a kan kututture, a rage sauran, a kare shi daga dabba da wuta. Da wannan dabara aka farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. In ta yi aiki a Maraɗi mai ƙarancin ruwa, ina ga ƙasar Birnin Gwari, inda doka da taura da baushe ke toho da zarar an ɗaga musu gatari?

Sai ginin kansa. An saba ganin bulo na siminti da kwano a kansa kai tsaye, ɗakin da in rana ta take ba ya shiguwa sai an tayar da janareta. A garin Dandaji da ke jihar Tawa a Nijar, garin Hausawa ne, an bi wata hanya dabam. A 2018 aka kammala sabon masallaci da ɗakin karatu da Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka zana, an gina masallacin da tubalin jar ƙasa da ake matsewa a inji, ƙasar kuma daga kusa da garin aka haƙo ta. Katangar ƙasa mai kauri tana shanye zafi da rana, ba ta sake shi sai dare ya yi. A garin dai Mariam ta zana kasuwa wadda aka kewaye wata tsohuwar bishiya da ita, aka yi wa rumfunan laimomin ƙarfe masu launi-launi, wasu sama wasu ƙasa, don iska ta riƙa ratsawa. A Burkina Faso kuma, Francis Kéré ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001 da tubalin ƙasa, ya ɗaga kwanon sama ya bar rata tsakaninsa da rufin ɗaki, iska mai zafi na fita ta nan. Wannan mutum shi ne ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, babbar lambar masu zanen gini ta duniya, a 2022.

Amma kada a kwafo Dandaji a dire a Birnin Gwari ido rufe. Damina a nan ta fi nauyi nesa ba kusa ba, ruwan shekara yakan haura milimita 1,000. Ginin ƙasa a irin wannan wuri sai an ɗora shi a kan harsashin dutse da ya ɗaga daga ƙasa, dutse kuwa ba a rasa shi a yankin. Sai an zazzago da bakin rufi sosai don feshin ruwa kada ya ci katanga. A miƙe ginin daga gabas zuwa yamma, yadda dogayen ɓangarorinsa za su fuskanci kudu da arewa, hantsi da la'asar su bugi gajerun. Magina na gargajiya sun san duk wannan, jikokin sana'ar Babban Gwani ne da ya gina masallacin Juma'a na Zariya. Abu guda kawai za a kiyaye: azara daga giginya ake samunta, giginya kuwa ta yi ƙaranci. A yi amfani da ƙarfe a rufi, a bar giginyar da ta rage a tsaye.

Shi wannan rufi mai faɗi yana da wani amfani da ba a cika lissafawa ba. Ga lissafin, mai sauƙi ne. Ruwan sama milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne cif. Rufin masauki mai murabba'in mita 500, a shekarar da aka samu milimita 1,000, zai tara lita 500,000. A cire wanda zai fantsale da na farkon damina da ake zubarwa don wanke ƙura, a ce an tsira da lita 400,000. Jarka 16,000 ke nan mai cin lita 25. Irin wannan ruwa a yanzu indararo ne ke watsar da shi yana cin gindin gini yana haƙa kwazazzabo. Tanki na ƙarƙashin ƙasa zai riƙe wani kaso nasa don wanke banɗaki da ban ruwan itatuwa, rijiyar burtsatse ta huta, a bar ta da ruwan sha.

Haka filin ajiye motoci. Ba dole ba ne a malale shi duka da kwalta. Inda ƙananan motoci ke tsayawa, tsakuwa ko bulon shimfiɗa mai rata ya isa, ruwa ya samu hanyar nutsewa. Amma inda tirela da tanka ke kwana, inda makanikai ke juye baƙin mai, nan kam sai kankare, da ɗan gangare zuwa wani rami mai ɗakuna da ke raba mai da ruwa, tunda mai a sama yake tasowa. A tara baƙin man a duro a sayar wa masu sarrafa shi. Dalilin wannan a fili yake. Abin da aka zubar a bakin titi ba a nan yake zama ba, ruwan farko zai kwashe shi zuwa rafi, rafukan yankin kuma su ne ke ciyar da kogin Mariga da madatsar ruwa ta Bagoma da mutanen gari ke sha. Makiyayi ma a nan yake shayar da garkensa. Ita kuwa leda, duk mahaucin da ya taɓa farke tumbin saniya ya ciro dunƙulenta ya san inda take ƙarewa.

Yanzu a dawo kan dattijuwar nan da jikarta, domin a ganin wannan shiri, da banɗaki ake auna masauki. Mace mai ciki, mai jego, tsohuwa, mai ciwon suga, yarinya mai al'ada, duk suna cikin motar nan. Da yawansu sukan ƙi shan ruwa tun asuba don gudun abin da zai biyo baya, su wuni da ƙishirwa a cikin zafin bazara. Wannan cutarwa ce, ko da ba a saba kiranta da sunan ba. Ɓangaren mata ya kasance dabam, ƙofarsa ba ta kallon inda maza ke zama, da sakata mai aiki, da fitila, da famfo a ciki, da wurin da uwa za ta shimfiɗa jariri. A yi aƙalla ɗaki ɗaya mai faɗin ƙofa, ba matakala, don mai keken guragu da tsohon da ba ya iya tsuguno. Ramin masai ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya, kuma ya kasance ta gangare, ba ta tudu ba.

Ruwan alwala ma abin tattali ne. Masaukin da mutum ɗari biyar za su yi sallar azahar da la'asar a cikinsa, ruwan da zai zuba a wurin alwala ba kaɗan ba ne, kuma kusan tsabtatacce ne. Maimakon ya kwanta ya zama gidan sauro, a ja shi ta kwata mai tsakuwa zuwa gindin ayaba da zogale da lemun tsami.

Amma kowa ya sha ganin banɗakin da aka buɗe da kiɗa da jawabi, bayan wata shida ya zama kufai an toshe ƙofarsa da ƙaya. Ba ginin ne ya gaza ba. Ba a tanadi wanda zai share ba, ba a ware kuɗin sabulu da gyaran famfo ba. Tun ranar da ake zanen gini ya kamata a san albashin mai shara daga ina zai fito: daga hayar rumfuna ne, ko daga kuɗin kwanan manyan motoci.

Akwai kuma wata barazana da ta fi duk waɗannan girma ga daji, ita ce wuta. Masauki wurin girki ne. Mai tsire, mai shayi, mai tuwo, mai ƙosai, mai gasa masara, kowa da murhunsa, daga asuba har tsakar dare. Ga matafiyin da ba ya wucewa sai ya ɗaura buhun gawayi a saman mota ya kai birni. Masauki guda da ya bunƙasa zai iya cinye itatuwan da ke kewaye da shi cikin 'yan shekaru, masu gawayi su riƙa nausawa ciki suna bin ƙirya da kaɗanya saboda ƙarfin garwashinsu. Dajin ya riga ya sha gatari. Madobiya, alal misali, an yi ta sare ta a Afirka ta Yamma ana kai wa ƙasar Sin, har sai da aka sa ta a jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu daga 2017. Saboda haka ɗakin girki na haɗin gwiwa, mai murhun tsimin itace ko tukunyar gas, ba ƙawa ba ne. Ga kuma dama a kusa: kashin shanun da ke taruwa a kasuwar kara da cikin motocin dabbobi, in aka zuba shi a rufaffen rami da ruwa, yana fitar da iskar gas da ake girki da ita, abin da ya rage kuma taki ne.

Wutar lantarki ba ta buƙatar dogon bayani, domin sola ta riga ta shiga ƙauyuka. Faifan sola a kan rufi ko a kan rumfar motoci zai ja ruwa, ya riƙe firji, ya yi cajin waya, ba ƙarar janareta a kunnen direban da ke neman barcin awa biyu. Fitilun dare su kalli ƙasa, kada su haska sama da cikin daji suna rikita tsuntsaye da jemagu. Mai sayar da tumatir da alayyafo kuma ba sai ta jira firji ba. Dabarar tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000, tana aiki sosai a lokacin rani.

To, wa zai mallaki wurin? Wannan ita ce tambayar da sauran duk suka rataya a kanta. A Japan akwai tsarin da suke kira Michi-no-Eki, wato tashar bakin hanya. An fara rajistarsu a 1993 da guda 103, yau sun haura 1,200. Sharaɗinsu shi ne wurin ajiye mota da banɗaki kyauta dare da rana, da wurin samun bayanin hanya, da kuma abin da zai bunƙasa yankin, galibi kasuwar da manoma ke kawo amfanin gonarsu da kansu. Galibi ƙananan hukumomi ne ke kafa su. Da girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta 2011 ta auku, da yawansu sun zama sansanin agaji. A Ingila kuma, lokacin da babbar hanyar M6 ta ratsa gonar wasu manoma, John da Barbara Dunning, sai suka buɗe masaukin Tebay a 1972 suna sayar da abincin gida. Iyalin ne suka buɗe na Gloucester a 2014, wanda aka lulluɓe rufinsa da ciyawa har ya saje da tudun da ke bayansa, yana sayen kaya daga masu sana'a sama da 100 da ke cikin mil 30 daga wurin, wani kaso na cinikin kuma yana komawa ga unguwannin da ke maƙwabtaka da shi.

Wanda ya saurara da kyau zai ji cewa wannan tsohon tsarin zango ne a cikin sabuwar riga. Ƙasar Birnin Gwari ba ta rasa abin ɗorawa a kan tebur ba: masara, doya, zuma, daddawa, man kaɗe, nono da man shanu. Matar da ke Gwaska ko Dogon Dawa ko Kuyello, wadda ta san kuɗin makarantar ɗanta daga man kaɗen da take kaiwa masauki yake fitowa, ba za ta zuba ido a mai da kaɗanyar gawayi ba. Bafulatanar da ke da rumfar nono a wurin, da Bagwariyar da ke da ta doya a kusa da ita, kullum sai sun gaisa. Bayan abin da yankin ya gani, wannan gaisuwa ba ƙaramin abu ba ce. Masarautar Birnin Gwari ƙarƙashin Mai Martaba Malam Zubairu Jibril Mai Gwari II, da ƙaramar hukuma, da ƙungiyoyin direbobi da masu motoci irin su NURTW da NARTO, da shugabannin mata da na makiyaya, duk suna da kujera a wannan zama. Ta fuskar tsaro ma, hankali ya fi kwanciya da masaukin da ke manne da gari mai mutane, fili a buɗe ana hango kowane lungu, da ofishin jami'an tsaro da ɗakin shan magani a gefe, fiye da katafaren gini shi kaɗai a tsakiyar dawa.

Akwai kuma dukiyar da mafi yawan masu wucewa ba su san suna gilma ta ba: Gandun Dajin Ƙasa na Kamuku. Tun 1936 aka keɓe shi a matsayin gandun dajin En'e, a 1999 gwamnatin tarayya ta ɗaga shi zuwa gandun ƙasa. Faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 1,120, yana iyaka da dajin Kuyambana na jihar Zamfara. A cikinsa akwai magangarar ruwa ta Dogon Ruwa, da Goron Dutse, da Tsaunin Rema da aka sa wa sunan remayen da ke zaune a kogunansa. An san shi da giwa da gwanki da kanki da mazo da gada da gwaggon biri, an kuma lissafa tsuntsaye iri sama da 170, har da burtu. Rashin tsaro ya hana baƙi shiga shekara da shekaru. Yaron da aka haifa a Birnin Gwari a 2012 zai iya kai wa yau bai taɓa jin wani ya ambaci dajin nan da alheri ba.

Saboda wannan yaro ne ya kamata masaukin ya haɗa da zauren baƙi na gandun. Ba a cikin dajin ba, a bakin hanya, inda direba da ɗan makaranta za su iya leƙawa ko da ba su da niyyar shiga. A Afirka ta Kudu, zauren baƙi na gandun Mapungubwe an gina shi ne da 'yan fale-falen tubalan ƙasa kimanin 200,000, waɗanda mutanen yankin marasa aikin yi suka koyi bugawa da ƙasar wurin, aka ɗaura su baka-baka kamar ɗaurin gugan soron Hausa. A 2009 aka zaɓe shi ginin shekara na duniya. A gandun Zion da ke Amurka, zauren da aka buɗe a 2000 yana da dogayen hasumiyoyi masu jiƙaƙƙen ƙyalle a ƙoli. Busasshiyar iska ta ratsa, ta yi sanyi, ta yi nauyi, ta gangaro cikin ɗaki da kanta. Wannan dabara za ta yi aiki a nan daga hunturu zuwa bazara, amma da damina, iska na cike da danshi, sai dai a dogara da tagogi da inuwa.

Abin da za a sa a cikin zauren ba sai an je da nisa nemansa ba. Sawun dabbobi da aka zuba a laka, ganye da ɓawon itatuwa kowanne da sunansa da amfaninsa, taswirar rafuka, muryoyin tsofaffin maharba da masu magani da makiyaya da aka naɗa suna ba da labarin dajin yadda suka san shi. A rubuta bayani da Hausar boko da ajami, a sa sunayen da Gwari da Kamuku da Fulani ke kiran kowane abu. Ita kalmar gwaska ma sunan wata bishiya ce a Hausa, yara nawa ne a yau za su iya nuna ta? Masu yi wa baƙi bayani kuwa a ɗauko su daga samarin ƙauyukan da ke gefen gandun, waɗanda suka san kukan kowane tsuntsu tun suna bin awaki.

Jama'a masu sauraro, musamman masu unguwanni da dagatai da ke bakin wannan hanya, duk ranar da aka zo neman fili don tashar manyan motoci ko gidan mai ko masauki, akwai aikin wuni guda da za a iya yi kafin a sa hannu a takarda. A fita da injiniyan, da wakiliyar mata, da wakilin direbobi, da dattijon da ya san inda ruwa ke bi in an yi mamako. A zaga filin a ƙafa. A nuna masa rijiyar gari da mashayar shanu da burtali. A tambaye shi ina banɗakin mata zai zauna, ina baƙin mai zai tafi, da me za a yi girki, rumfa nawa aka ware wa 'yan gari. Sannan a ɗauki gwangwanin jan fenti, a shafa wa kowace ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da aka yarda ba za a taɓa ba, a rubuta adadinsu a cikin yarjejeniyar, dagaci ya riƙe kwafi ɗaya, ɗan kwangila ya riƙe ɗaya.